Daron da Na Kife a Bayan Randa

Makon jiya magina suka gama shimfiɗa karo, wato tayil, a ɗakina. Ɗana ne ya matsa, wai ƙura na tayar mini da tari, wai kuma duk unguwar nan ni kaɗai na rage mai kwana a kan rairayi. Na bar shi ya yi, don yaron nan in ya sa abu a ransa ba ya sauka. Yanzu da safe sai in ji matarsa tana jan tsumma a ƙasa, ta matse a bokiti, ɗaki ya ɗauki warin magani kamar gidan likita. Yana da kyau, ban ce ba shi da kyau ba. Amma kunnena bai daina neman wata ƙara ba, ƙarar rariya, shaa, shaa, wadda a da ita ke tashin mutum a garin nan kafin rana ta hauro katanga. Ranar da suka kwashe rairayin ƙarshe suka zubar a bayan gida, sai wani abu ya dawo mini, abin da na daɗe ina kauda kai daga gare shi, wanda har yau in ya faɗo mini a rai sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ina amarya ɗanya aka turo maigida Diffa daga Damagaram, ya zo koyarwa a lakwal, makarantar boko. A wancan zamani in aka ce an tura mutum Diffa, dangi jaje suke zuwa yi, ba barka ba. Muka kama ɗaki da rumfa a gidan wata tsohuwa Babarbariya, Ya Falmata, wadda mijinta ya rasu, ƴaƴanta maza kuma suna can gonar tattasai wajen Gagamari, sai matansu da ke zaune tare da ita. Ni da nake taƙama ƴar birni ce, ranar da na leƙa ɗakin tsohuwar nan sai na tsaya ina kallo. Ba siminti, ba tabarmar roba, farin rairayi ne kawai shimfiɗe lumui, an bi shi da bakin tsintsiya an yi masa zane, ga kwanukan jere sun hau bango suna ƙyalli, ga kaskon turaren wuta yana hayaƙi a gefen gado. Sai da na tuɓe takalmi tun daga tsakar gida, kuma na rasa inda zan sa ƙafa don kada in ɓata mata.

Ita ta koya mini aikin. Hausarta a karye take, irin ta kasuwa, amma ba ta taɓa faɗa mini abin da ban gane ba. Da sassafe za ta ƙwala mini kira, "Ƴar Afuno, rana ta riga ki!" Afuno shi ne sunan da suke kiran mu Hausawa. A tattara rairayin ɗaki waje ɗaya, a durƙusa a tankaɗe shi da rariya, a fid da ƙwayar shinkafa da tsinken ashana da duk abin da jiya ta bari, a mayar, a yayyafa ruwa kaɗan, a baje da tafin hannu. Gida bayan gida ƙarar nan kake ji, haɗe da tarin injin ban ruwa daga bakin kogin Komadugu, da atishawar mata in iska ta biyo ta kan shanyar tattasai. Tun ina ƙunƙuni har abin ya shiga jikina. Na lura in na gama na zauna bakin gado na dubi ɗakin, kewar gida da ke cina takan lafa, numfashina ya sauka har ciki. Ya Falmata takan tsaya bakin ƙofa ta duba, ta ce ita in ta ga ɗakin mace ta san yadda ta kwana. Dariya nake yi mata a lokacin.

A ɗakin nan na haifi ƴata ta fari. Matan yanzu, su surukata, sai ka ga mace ta ɗauki ɗan fari tana cilla shi sama, tana kiran sunansa gaban kowa, har ta sa hotonsa a fuskar waya. Mu ba haka aka tarbiyyantar da mu ba. Ɗan fari kunyarsa ake ji. Ba ka faɗin sunansa, ba ka yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ma sai ka yi kamar ba ka gani ba har wani ya ɗauke shi. Uwata haka ta yi da yayana, ni ma haka na yi, kuma na yi da kyau, don so nake a ce ƴar gidan mutunci ce. "Yarinyar nan" nake ce mata. In tana kuka a tsakar gida sai in ce, "Wani ya ɗauke yarinyar nan mana, ta ishe mu." Sai na saki labule, daga ni sai ita, sannan nake sa hancina a wuyanta in shaƙa, in kama ƴan yatsun ƙafarta ina ƙirgawa. Ko maigida bai taɓa kama ni ba.

Ta fara tafiya a ƙarshen damina, lokacin da kogi ke cikowa sauro ya yi yawa. Wata safiya na gama tankaɗe ɗaki na yayyafa ruwa, sai ta sauko daga gado ta yi ta dabo-dabo har bayan randa, inda take son ɓuya. Da na ɗauko ta sai na ji jikinta rau da zafi. Muka kai ta likita. Ba ta daɗe ba, Allah ya karɓi abinsa, na dawo gida da zanen goyo a hannu. Mata suka cika ɗakin, ana ta gaisuwa, ni kuwa na zauna na sunkuyar da kai, idona ƙamas. Ina jin su suna cewa, "Kai, yarinyar nan akwai haƙuri, dubi ko hawaye babu." Wallahi har wani daɗi na ji da yabon. Kuka a gaban mutane don ɗan fari? Ai da na ba da mu.

Da aka watse na ɗauki tsintsiya zan gyara ɗakin, don ƙafafun masu gaisuwa sun tumurmushe ko'ina. Na zo bayan randa sai na tsaya cak. Tsakanin randar da bango, inda babba ba ya iya sa ƙafa, rairayin yana nan da danshinsa, ga sawunta guda biyu ɓaro-ɓaro, har da ƴan yatsu. Ban san sa'ad da tsintsiyar ta faɗi ba. Na waiga ba kowa, sai na ɗauko daron da nake yi mata wanka na kife a kai. Ba ni da hotonta, kayanta kuma an riga an tattara an bayar sadaka. Abin da ya rage mini nata a duniya ke nan, yana ƙarƙashin daron nan, kuma na ƙudurta a raina ba mai taɓa shi, ba kuma mai sanin yana wurin.

To, daro a kife a bayan randa abin tambaya ne. Don kada wata ta shigo ta ɗaga, sai na ɗora masa kwanukan da aka ci abinci. Don kada kwanukan su yi fice, sai na jefa wanki a kai. Na daina tankaɗe gefen, ina tsoron kada rairayin ya motsa ya gangara ciki. Daga gefen sai rabin ɗaki, daga rabin ɗaki sai duka. Kafin tattasai ya nuna, ɗakina ya zama abin da ba na son in kwatanta. Kuma abin mamaki, ni na tara tarkacen da hannuna, amma shi ya koma yana danne ni. In na buɗe ido da safe na ga tulin nan sai in ji na gaji tun ban tashi ba. In nemi ludayi in rasa, in zauna in yi ta huci kamar an yi mini wani babban laifi. Kaina kullum ciwo, ƙirjina kamar an ɗora turmi. Na san sarai in na share zan ji sauƙi, ai na taɓa ɗanɗanawa, amma da na kai hannu ga tsintsiya sai in dubi bayan randa in fasa. Daron kuwa ban sake ɗaga shi ba ko sau ɗaya, don kada iska ta shiga.

Maigida mutum ne mai kawaici, Allah ya jiƙansa. Ya yi magana sau ɗaya, a hankali, na taso masa kamar zan cinye shi, bai sake ba. Ya mayar da littattafansa da cin abincinsa rumfa. Abokan aikinsa da ke zuwa shan shayi ya daina gayyato su. Ya Falmata ta daina kirana da safe, sai dai in ga inuwarta ta tsaya jikin labule ta wuce. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na abinci. A gidan, duk wadda ta sauke tukunya takan zuba a kwano ta miƙa wa sauran. Wata rana na aika wa Bintu, matar babban ɗan Ya Falmata, shinkafa da miyar kifi, har ta ce an gode. Jim kaɗan na zagaya bayan gida, sai na gan ta tana juye shi gaban awaki. Muka haɗa ido. Na juyo na koma ɗaki. Wato an daina cin abincin hannuna. Na zama ƙazama a gidan da ake tankaɗe ƙasa da rariya! Kalma ɗaya da na faɗa da sun gane, amma a wautata gara a ce mini ƙazama da a ce ga wadda ta kasa daurewa a kan ƴar fari.

Haka muka tafi har kogi ya janye, azumi ya zo ƙarshe. Al'adarsu ce gab da Salla a sake rairayin ɗakuna. Masu jakai su kawo sabo daga cikin kogi su jibge ƙofar gida, mata su haɗu su bi ɗaki ɗaki, a fid da komai waje, a kwashe tsohon a zuba sabo. Na ce musu ba ni da lafiya, a tsallake nawa. Da hantsi ina kwance sai na ji an ɗaga labule ba sallamar kirki. Ya Falmata ce riƙe da rariya, surukanta a bayanta.

"Tashi, ƴar Afuno," ta ce. "Ba a Salla a gidana da tsohon rairayi."

"Ya Falmata, ki yi haƙuri, ni zan yi da kaina gobe."

"Goben nan taki tun kaka nake jiran ta. Bintu, ku fara."

Wayyo, ranar nan! Suka dinga fitar da kayana tsakar gida, rana tsaka, kowa na gani. Kwanon tuwo da ya yi gashi. Kyankyasai suna watsewa ta kan ƙafafun mutane. Zannuwan aurena da ɓera ya haihu a ciki. Kwanukan jeren da uwata ta sha wahala ta tara mini, duk sun yi tsatsa sun dafe. Da sun zage ni da ya fi mini sauƙi, amma ba wadda ta ce komai, sai Bintu da ta ja bakin ɗankwalinta ta rufe hanci. Ina tsaye jikin bango, ban san inda zan sa idona ba. Tulin bayan randa ya yi ta raguwa har gindin daron ya bayyana. Da na ga Bintu ta sunkuya ta kai hannu, sai na ji wata irin ƙara ta fito daga bakina, ban taɓa sanin ina da ita ba. Na ture ta, matar da ta girme ni, na faɗa kan daron na rungume.

Ya Falmata ta yi wata gajeriyar magana da Barbarci, duk suka fice, ta saki labule. Ta daɗe kafin ta iya durƙusawa kusa da ni, don gwiwoyinta sun gaji.

"Mene ne a ciki?"

Na ƙara ƙanƙame daron.

"Na san daron nan," ta ce. "Ni na fara yi mata wanka a cikinsa. Mene ne a ƙasa?"

"Sawunta ne," na ce, muryata kamar ba tawa ba. "Guda biyu."

Ta dube ni, ta dubi ɗakin, ta girgiza kai. "Allah Sarki. Ni ina can ina cewa lalaci ne." Sai ta dafa hannuna. "Ɗaga mu gani. Ni ma ina so in gani."

Na ɗaga. Ba komai. Tururuwa sun yi gida a wurin, sun haƙe shi sun tara ƴan tsibi-tsibi, sun bi ko'ina da hanyoyinsu. Ko alamar yatsa ɗaya babu. Allah kaɗai ya san tun yaushe, watakila tun makon farko. Watanni ina gadin gidan tururuwa, na kori mijina rumfa, na zubar da mutuncina gaban matan gida, a kan wurin da ba kowa. Na buɗe baki kuka ya ƙi fita.

"Yaya sunanta?" in ji Ya Falmata.

Na dube ta. Ita da ta raba goron sunan da hannunta! "Kin sani ai."

"Na sani. A bakinki nake so in ji."

"Ƴar fari ce, Ya Falmata."

"Mu ma muna da wannan kunyar, ba ku kaɗai ba. Amma na saki labule. Daga ni sai ke sai Allah, ni kuma tsohuwa ce, gobe na manta. Faɗi."

Na faɗa. Tun da aka raɗa mata shi ban taɓa furta shi ba, ko a bayan labule. Yana fita kukan ya biyo shi, irin wanda ake ji har ƙofar gida, na san kuma duk suna tsakar gida suna ji. Tsohuwar nan ba ta ce in yi haƙuri ba, ba ta ce in yi shiru ba. Ta zauna dirshan a cikin dattin ɗakina da zanenta mai tsabta, ta riƙe kaina har na gaji don kaina.

Da na lafa ta ce in kwashe rairayin wurin da hannuna in zuba a daron. Na ɗauka a ka, tana gaba ina biye, muka ratsa tsakar gida ta gaban kayana da ke baje, ba wadda ta ɗaga kai ta dube ni. Muka gangara Komadugu, a lokacin ya bushe sai ƴan tafkuna nan da can. A tsakiyar kogin ta ce in juye. Ta ce in ruwa ya dawo zai tafi da shi, kuma duk rairayin da za a kawo mini nan gaba daga nan za a ɗebo. Muka dawo na tarar sun wanke kwanukan da toka, sun shanya zannuwan, sun zuba sabon rairayi, amma ba su baje ba. Bintu ta miƙo mini rariya. Na durƙusa na tankaɗe ɗakina tun daga ƙofa har bayan randa, hawaye na zuba, amma nauyin nan na ƙirjina ina jin yana raguwa. Ya Falmata ta kawo garwashi ta sa turare. Na kwanta bayan azahar na yi barcin da rabona da irinsa tun damina. Da maigida ya dawo ya tsaya bakin ƙofa ya daɗe, sannan ya tuɓe takalmi ya shigo, ya ce yau a ɗaki zai sha ruwa.

Ran Salla na sake aika wa Bintu abinci. Ta zauna a tsakar gida inda zan gan ta, ta cinye tas, har ta ce gishiri ya yi kaɗan. Mun zauna da matan nan shekaru, ba wadda ta taɓa tayar mini da zancen, amma ni ban daina jin kunyarsu ba. Ko bayan mun gina namu gidan, in na haɗu da Bintu a kasuwa sai in ga kwanon tuwon nan a idona. Tun daga ranar kuma ban sake kwana da kwano mara wanki ba. Ƴaƴana suna yi mini tsiya wai tsabtata ta yi yawa, ba su san ba tsabta ba ce, tsoro ne, don na san inda ɗaki ke kai mutum in ya sake masa.

Yanzu Ya Falmata ta daɗe a ƙasa. Bakin kogin ma ba a zuwa yadda aka ga dama saboda rashin tsaro, masu jakan rairayi sun ɓace, ƴan matan yanzu in ka ba su rariya gari kawai suka san a tankaɗe da ita. Shekaranjiya jikata, ƴar farin ɗana, ta fito daga wanka ta ruga ɗakina da jiƙaƙƙun ƙafafu, ta bar sawu a kan sabon karon tun daga ƙofa har gado. Uwarta ta biyo ta da tsumma tana ƙwala mata kira da sunanta, gatsal, ko kunya babu. Na buɗe baki zan yi mata faɗa, sai na ji na ce, "Bari, kada ki goge tukuna." Ta tsaya tana kallona. Kafin ta tambaye ni dalili sawun sun bushe da kansu.

Ta ce, "Inna, lafiya?" Na ce lafiya lau, je ki abinki. Ba ta san mijinta yana da yaya mace da ta rasu ba, shi ma sama-sama ya sani, don ban taɓa zaunar da su na faɗa musu ba. Na tsufa, wadda ta ji daga bakina kuma ta tafi da shi kabari kamar yadda ta yi alkawari. Sunanta Hadizatu. Sau biyu ke nan na faɗa a duniya.